Wa Ya Koya Wa Mai Fito Tuƙi?

 Kafin in shiga maganar da ta kawo ni wannan fili, ina neman afuwa tun da wuri. Ni Kanuri ne, ko Babarbare kamar yadda Hausawa ke kiranmu, haifaffen unguwar Galtimari a nan Maiduguri. Hausa kuwa a bakin layi da makaranta na tsince ta, kafin in zo jami'a in mai da ita abin nazari. Saboda haka idan mai karatu ya ga na ɗaura wa namiji zane, ko na kafa wa mace hula a cikin jimla, sai ya gyara a zuciyarsa ya wuce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ruwa, da kuma mutanen da muke danƙa wa rayukanmu duk lokacin da za mu haye shi.

Duk wanda yake garin nan a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, ba ya bukatar a ba shi labari. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, kuma da yake Fori da Galtimari a bakin kogin suke, muna cikin waɗanda suka fara ɗanɗanawa. Daga nan ruwa ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monde da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan zu na Sanda Kyarimi bai tsira ba. Mutum wajen 400,000 suka rasa matsuguni. Dattawa sun ce rabonsu da ganin irin wannan tun 1994, shi ma daga Alau ɗin ya zo. Titunan da muka saba bi a Keke Napep sai ga kwalekwale yana yawo a kansu.

Kashegari ni da yayana muka koma ɗauko kakarmu, wadda ta kwana a saman benen wani maƙwabci tare da mata da yara. Da ƙyar muka sami kwalekwale. Matuƙin yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, abin da ke hannunsa kuma ba filafili ba ne, wani guntun katako ne da aka ɓallo daga benci. Mu goma sha ɗaya muka shiga, ban da ƙullin kaya da wata akuya. Da na sa hannu a gefe sai na ga abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgin bai fi yatsu uku ba. Ba wanda ya ce uffan, ni ma ban ce ba, domin wa za a ce ya sauka? Mun ɗan yi nisa ke nan sai wata baiwar Allah ta hango bokitinta yana tafiya bisa ruwa, ta yi zumbur ta miƙe za ta cafko shi. Jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, mutum uku suka zabura zuwa ɗaya gefen, ya sake karkatawa can. Wani dattijo da ke zaune a baya ne ya daka tsawa da Hausa, ya maimaita da Kanuri, cewa kowa ya zauna a ƙasa ya riƙe gefe, sa'an nan ya warci kwano daga cikin kaya ya shiga kwarfe ruwan. Daga baya na ji cewa tsohon masunci ne daga Doron Baga, gudun hijira ya kawo shi unguwarmu. Da muka isa tudu, Kaka tana ta sa wa yaron albarka, ni kuwa na tambaye shi, "Ƙanena, yaushe ka fara wannan aiki?" Ya ce, "Jiya, Yaya." Ashe kafin ambaliya kurar ruwa yake turawa, yana sayarwa jarka-jarka.

Ban kawo wannan labari don in zargi yaron ba. Shi da ire-irensa sun fitar da mutanen da ba don su ba da sai dai wani labarin, domin garin ya fi ƙarfin jiragen da sojoji da ma'aikatan agaji suke da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ranar nan jimla ɗaya ce daga bakin mutum ɗaya ta hana mu kifewa. Abin da dattijon ya sani kuwa ba sihiri ba ne, ana iya koya wa mutum shi cikin minti biyar, amma duk cikinmu, har da ni mai taƙama da karatun jami'a, shi kaɗai ya san shi. Kuma fito bai ƙare da janyewar ruwa daga gidaje ba. Ambaliyar ta karya gadar Fori, sai ya zama ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suna hayewa a kwalekwale safe da yamma, a hannun matuƙan da da yawansu ambaliyar ce ta yaye su.

A nawa ɗan guntun tunani, abin da muke bukata shi ne aji. Ina nufin aji na gaske, mai malami da darasi da gwaji a cikin ruwa da takardar shaida a ƙarshe, ga duk wanda zai tuƙa kwalekwale ko jirgi mai inji da mutane a ciki, ko don kuɗi yake yi ko don nishaɗi. Mu ma fasinjoji a yanka mana namu gajeren darasin. Kuma a yi shi da harshen da mutane ke ihu da shi idan jirgi ya karkata.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar ta Maiduguri ce kaɗai, mu da ba mu ganin ruwan kirki sai da damina. Waɗanda ke zaune bakin manyan koguna sun fi mu shan wuya. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tarwatse ɗauke da fiye da mutum 150, ga babura a ciki, kaɗan ne suka fita da rai. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar kuma, a madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, jirgin da ya ɗauko 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau zuwa Maulidi ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Sa'an nan mako uku kacal bayan tamu ambaliyar, ranar 1 ga Oktoba 2024, wani jirgin ɗauke da mutum kusan 300 masu halartar Maulidi ya nitse a yankin Mokwa, shi ma da dare. Idan ka bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya za ka ga kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, an yi tafiyar dare, an ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa, ba mai sanye da rigar ceto.

Ba kuma rashin doka ba ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta sa rigar ceto, suka hana lodi fiye da ƙima, suka kuma hana tafiyar dare. A 2025 ma Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya ta ƙaddamar da rabon rigunan ceto 42,000 ga jihohi 12. Madalla da wannan. Akan kuma yi gangamin wayar da kai a bakin ruwa lokaci-lokaci, a yi jawabi, a ɗauki hoto. To amma gangami daban, aji daban. Rigar ceton da ba a ɗaure maɗaurinta ba, da zarar mutum ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa ta yi tafiyarta. Yaron da aka sa wa ta manya zai sulluɓe ta ƙasa. Wadda soson cikinta ya mutu saboda an mai da ita matashin zama a rana ba za ta ɗaga kowa ba. Duk wannan ba a rubuce yake a jikin rigar da harshen da mai fito ke karantawa ba, dole sai wani ya tsaya ya nuna masa, ya kuma sa shi ya gwada.

A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, ko wanda zai tuƙa ɗan jirginsa don shan iska sai ya yi karatu. A Kanada, tun daga 2009 duk mai tuƙa jirgin shaƙatawa mai inji sai ya mallaki shaidar cewa ya san ƙa'idojin ruwa, wadda akasari kati ne da ake samu bayan cin jarrabawa. A Amurka jihohi da dama suna da irin wannan sharaɗi, kuma 'yan sa-kai ne ke koyar da darussan da yamma ko a ƙarshen mako. Alƙaluman da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara sun nuna dalili: a 2023, kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa ruwa ne ya ci su, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan ba su sanye da rigar ceto. Haka kuma, inda aka san tarihin matuƙi, mafi yawan mace-macen sun auku ne a jiragen da matuƙansu ba su taɓa zama ajin ba.

Na san wani zai ce wannan ai harkar masu kuɗi ce, mu ina muka ga jirgin shan iska? Amsata biyu ce. Ta farko, muna da shi. Yayyenmu suna ba mu labarin yadda kafin rikicin Boko Haram ake cika bakin tafkin Alau ranar Sallah, a ci, a sha, a shiga kwalekwale a zaga. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar, kuma duk ranar da ruwa da zaman lafiya suka haɗu a wurin, matasa za su koma, wannan karon da wayoyi a hannu, kowa yana son ya miƙe tsaye a cikin jirgi a ɗauke shi hoto. Wanda ya je tafkin Jabi a Abuja ko madatsar Tiga a Kano ya san abin da nake nufi. Ta biyu kuma, idan har wanda ke ɗaukar iyalinsa mutum huɗu yawon shaƙatawa sai an koya masa, ina ga wanda ke ɗaukar 'yan makaranta arba'in?

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta gado. Za a ce Sarkawan Yawuri da Argungu, da Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, a cikin ruwa aka haife su, wane malami ne zai koya musu? Gaskiya ne, kuma ni ban ce a kawo wani daga ofis ya koya wa Sarkin Ruwa ruwa ba. Su ne ma ya kamata su zama malaman. Masunci ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, ya san launin ruwan da ke ɓoye kututture, ya san inda kacalla ke naɗe farfelar inji. Sai dai abubuwa biyu sun canza. Ilimin gadon an gina shi ne a kan ƙaramin kwalekwale da filafili da gora, yanzu kuwa an ɗaura inji a bayan dogon jirgin katako ana zuba masa mutum ɗari da buhuna da babura, kuma wannan lissafi ne da kakanni ba su bar wa kowa ba. Sa'an nan da yawa daga masu riƙe da jirgi a yau ba su gaji komai ba, rashin aikin yi ne ko ambaliya ta miƙa musu filafili, kamar yaron da ya tuƙa mu. A nan Maiduguri kuwa malaman suna kusa. Tun bayan harin Baga na Janairu 2015 tsofaffin masunta da dama suka dawo cikin gari, wasu suna zaune a kasuwar kifi ta hanyar Baga ba su da aikin yi sai hira. Ga kuma malaman Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi ta Baga, wadda rikicin ya sa ta kwaso karatunta zuwa Maiduguri.

Masu cewa ajali ne kuwa, ba ni da ja da su a kan ajali. Amma tun muna Islamiyya aka koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin wanda ya hau Keke Napep marar birki da wannan hujja ba.

To me za a koyar a ajin? Ba abu ne mai tsawo ba. A fara da lodi: a shafa layin fenti a jikin kowane jirgi, idan ruwa ya taɓa layin an gama ɗauka, ko da surukin mai jirgi ne ya rage a gaɓa. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, kowa a zaune, ba mai miƙewa. Idan za a haye ruwa mai gudu, a karkata goshin jirgi wajen da ruwan ke fitowa, kada a ba shi gefe. Jirage biyu masu inji idan suka yi gaba da gaba, kowa ya kauce damansa, kamar dai yadda muke yi a titi. Fitilar dare kuma ja a hagu, koriya a dama, fara a baya, don na nesa ya gane inda ka dosa. Mai inji ya ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, domin idan ya faɗa ruwa injin ya mutu nan take, kada jirgi ya yi ta zagaye da mutane ba matuƙi. Idan kuma jirgin katako ya kife, sau da yawa ba ya nitsewa gaba ɗaya, saboda haka riƙe shi ya fi a kama iyo zuwa gaɓar da ido ke gani kusa alhali tana da nisa.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na ceto, domin Hausawa sun riga sun rubuta rabinsa da suka ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Haka abin yake. Mai nitsewa zai ƙanƙame duk wanda ya matso shi, shi ya sa ake yawan tsamo gawa biyu a wuri ɗaya, ta wanda ya faɗa da ta ɗan'uwan da ya bi shi. Ƙa'idar ita ce ka miƙa masa gora ko rawani ko igiya kana tsaye a inda ka kafu, ko ka jefa masa abin da ke yawo bisa ruwa. A nan ne jarka ke shigowa. Jarka mai lita 20, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa, alhali rigar ceto ta manya abin da take ɗagawa bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba, domin jikin mutum a cikin ruwa 'yar taimako kaɗan yake nema kansa ya tsaya a sama. Ban ce jarka ta maye gurbin riga ba, don wanda ya suma ba ya riƙe komai. Amma ka tuna yaronmu mai kurar ruwa: jarkoki ne sana'arsa, da wani ya taɓa gaya masa wannan, da ya ɗaura huɗu a gefen kwalekwalensa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Akwai kuma tambayoyin da littafin Kanada ba zai amsa mana ba. Mace mai goyo yaya za ta sa rigar ceto, a kan goyon ko ta sauke shi ta rungume? Lafaya da babbar riga da doguwar hijabi idan suka jiƙe suna naɗe ƙafa da hannu, to yaya za a tattare su kafin a shiga jirgi ba tare da an keta mutuncin kowa ba? Wa zai koya wa mata, kuma a ina? A Bangaladash, inda ruwa ke cin yara da yawa, an kewaye wani sashe na kududdufin ƙauye da gora aka mai da shi wurin koyon iyo, matasan ƙauyen ne kuma malaman. Irin wannan dabara ta gida muke bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma a wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka. Ranar ta faɗo daidai lokacin da Ngadda ke shirin kawo ruwa, ga wanda ke neman ranar buɗe aji.

Yanzu bari in zo kan namu, mu ɗaliban harshe, don kada a ce na shigo mujallar Hausa da maganar injiniyoyi. Ƙa'idojin nan da Turanci aka rubuta su, kuma duk wanda ya gwada juya su zai gane aikin ba wasa ba ne. Ɗauki sunan rigar kanta. A rediyo wani ya ce rigar kariya, wani ya ce rigar ceto, wani ya ce rigar ruwa, alhali idan ka shiga Kasuwar Monde ka nemi rigar ruwa, ta shiga ruwan sama za a miƙo maka. "Igiyar ruwa" muna faɗinta ga ruwan da ke tashi yana faɗuwa, muna kuma faɗinta ga ƙarfin da ke jan mutum ta ƙasa, ga shi kuwa dabarar tsira daga kowannensu daban ce. Tazarar nan ta yatsu uku da na auna tsakanin ruwa da bakin jirgi, wadda ita ce ma'aunin lodi gaba ɗaya, da dogon bayani nake faɗinta, kuma ba a daka tsawa da dogon bayani. Ko kalmar "fito" da ke kan wannan rubutu, malamanmu na ilimin furuci za su tuna mana cewa a rubuce ɗaya take da fito na baki da fito na fitowa, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, saboda haka allon gargaɗi a bakin kogi sai an yi hattara da ita.

Kalmomin kuwa suna nan a bakin masu sana'ar, ba a tattara su ba ne kawai. Muna rubuta kundin digiri a kan salon waƙa da karin magana, abu mai kyau, amma me zai hana wani ya ɗauki kalmomin fito da su a Hausar Baga, wani ya kwatanta su da na Yawuri, wani ya tsara darasin minti biyar-biyar da gidan rediyo zai iya sakawa da damina? Mu da Hausa ta zo mana daga baya muna da wata riba a nan, domin mun san inda take ɓace wa mai koyo, kuma mun san cewa a cikin kwalekwale ɗaya a Galtimari ana iya samun Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da Bahaushe. Dattijon nan sai da ya faɗi maganarsa sau biyu kafin kowa ya zauna.

Ni dai na fara. Na je wurinsa sau uku da littafin rubutu, yana faɗa ina rubutawa, yana dariyar yadda nake tambayar abin da jikansa ɗan shekara bakwai ya sani. Zuwa yanzu ina da kalmomi talatin da ɗaya, layin Hausa da layin Kanuri. Layin Larabcin Shuwa da na Babur da na Margi har yau fari fat suke. Duk wanda ɗaya daga cikinsu yake harshen gidansu, ya bar mini saƙo a wurin editocin wannan mujalla, mu sa rana mu tafi kasuwar kifi tare, amma ya zo da kuɗin shayin dattawa, don ba sa buɗe baki sai an zuba.